Barbarcin Rumfar Masu Banda

Na sauka Nguru a jirgin ƙasa a farkon shekarun tamanin, da akwatin ƙarfe, da jakar kayan gyaran rediyo, da kalmar Barbarci guda ɗaya tak: wushe, wato sannu. Ita ma a cikin jirgin na tsince ta, a bakin wata tsohuwa da na matsa wa wurin zama. Maigidana na Kano, wanda ya koya mini gyara, shi ya ce in tafi can. A cewarsa masunta da fataken shanu kowa rataye yake da rediyo, kuma in ta lalace sai an aiko da ita har Kano. Na ce to, kamar shawararsa ce ta tashe ni. Gaskiya ina da tawa buƙatar da ban faɗa masa ba.

Mahaifiyata Bamangiya ce, daga wani ƙauye a arewacin Jajimaji. Mangawa kuwa reshe ne na Barebari. Mahaifina Bafulatanin gida ne na Kano, irin waɗanda Fillanci ya bar gidansu tun zamanin kakanni, ya bar musu dogon hanci kawai. Yana zuwa yankin sayen shanu ya lodo su a jirgi, a irin wannan zuwan ya ganta, ya aure ta, ya kai ta Kano. Ta rasu ban fi shekara uku ba, goggona ta raine ni. Ba ni da hotonta. In na tambayi mahaifina, amsarsa ɗaya ce: "Mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta." Goggo kuma abin da ta riƙe shi ne doguwa ce, kuma ta iya haɗa turaren wuta.

To amma uwar da ta haifi mahaifiyata tana raye. Tana Gashuwa, a gidan ɗanta, kawuna, mai sayar da hatsi a kasuwar garin. Abin da ya kawo ni ke nan. So nake in zauna gaban tsohuwar nan ta faɗa mini wace ce ta haife ni, tun ita ma ba ta bi 'yarta ba.

Ina kama shago kusa da kasuwa, na sayi goro da sukari da turmin atamfa, na hau a-kori-kura zuwa Gashuwa. An cusa ni tsakanin buhun kanwa da wani rago da ya ɗauki gwiwata matashin kai har muka wuce Jajimaji. Na isa da azahar, kawu ya karɓe ni da murna, ya shiga da ni cikin gida. Kaka tana zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, 'yar ƙaramar tsohuwa, tsagenta ya nutse cikin tamoji, sauran haƙoranta jawur da goro. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ta nan, ta juya ta can, ta yi ta magana ba ta tsaya ba har na gaji da tsuguno.

Na dubi kawu. Ya ce, "Ta ce sannu da zuwa."

Na ce, "Kawu, duk wannan?"

Ya ce, "Da ya hanya."

Kawuna mutumin kirki ne, amma yana auna magana yadda yake auna gero, kuma ba ya yin gyara. Da aka ci abinci na daure na ce ya tambayar mini ita labarin mahaifiyata. Ya yi mata magana a taƙaice. Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ta ce wata 'yar kalma, ta shiga tsintar wani abin da babu shi a kan tabarma. Kawu ya ce, "Ta ce Allah ya jiƙan musulmi baki ɗaya." A zaure ya yi mini bayani. Mahaifiyata ita ce 'yarta ta fari, mutanen da kuwa ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa zancensa a gaban jama'a, balle a gaban ƙanensa. Shi kansa yana yaro aka yi auren, abin da ya sani bai fi nawa ba. Hausar tsohuwa kuma ba ta wuce "lafiya lau" da "ina goro" ba.

Zuwa na biyu na yi dabara irin ta mai gyaran rediyo, na tafi da rakoda da sabon kaset. Na ce in ta yi magana ita kaɗai, na samu mai fassara mini a Nguru. Tana ganin jar wutar nan ta kunnu, ta ja gefen zane ta rufe baki, ba ta buɗe ba sai da na fitar da akwatin waje. Na dawo Nguru na san abu ɗaya ya rage: in ji Barbarci da kunnena, in mayar da bakina, ba ɗan aike a tsakani.

Na fara da littafi. Wani malamin makaranta ya ara mini wani ɗan siriri da aka buga don baƙi ma'aikata. Na haddace "wannan alƙalami ne" da "ina hanyar asibiti," na kai wa maƙwabcina tela. Ya saurare ni da ladabi, ya ce wannan Barbarcin Yerwa ne, wato Maiduguri, mai kyau ƙwarai, su dai Mangawa ba haka suke faɗa ba. Na ce to yaya kuke faɗa? Ya ce kada in damu, za a gane. Sai na koma wa rediyo, tunda ga su nan jibge a shagona. Kullum in kamo labarun Barbarci daga Maiduguri, in ƙure murya, in kasa kunne ina ɗora ƙarfen liƙi a kan garwashi. Bayan watanni na iya cewa "gwamna ya ce" da "taki ya iso" ba gargada. Ban ga ta inda zan shiga hira da kakata ta wannan ƙofar ba.

Babbar matsalata ita ce kirkin mutanen Nguru. Garin nan kowa da harshensa, Bamange da Babade da Bafulatani da ɗan kudu, amma a Hausa ake haɗuwa. Ni kuma da wayona, duk wanda na haɗu da shi sai in ce masa, "Ni fa ɗan 'yar'uwarku ne, mahaifiyata Bamangiya ce, ta rasu ina ƙarami." Na zaci wannan zai sa su ja ni cikin harshensu. Ashe maraya na mayar da kaina. Sai ka ga fuskar mutum ta yi laushi, ya ce Allah sarki, ya sauke murya, ya shiga yi mini Hausa a hankali kamar mai jinya. In na ce "nda watu," wato ina kwana, sai a ce, "Lallai ka iya Barbarci," a ci gaba da Hausa. In na yi kuskure ba mai gyara mini, don kada in ji kunya. In na shiga majalisa ana hira ana ƙyaƙyata dariya, sai kowa ya juya harshe saboda ni, hirar ta mutu, a koma zancen zafi da tsadar batir. Ban taɓa jin haushin mutanen da suke kyautata mini kamar a lokacin nan ba.

Ana haka shekara ta zagayo. Da damina na je Gashuwa na tarar kaka ta daina fitowa gindin darbejiya, sai an kama ta ake kai ta bakin ƙofa ta sha iska. Na gaishe ta da 'yar gaisuwar da na haddace, ta amsa, muka zauna muna kallon kaji. Na hau mota na kamo hanyar Nguru. Na ga tsohuwar nan za ta tafi da abin da ke cikinta, ni ina nan ina "taki ya iso."

Daura da shagona, tsallaken hanya, akwai rumfar masu banda. Can ake tara busasshen kifi daga tabki da fadamu, tarwaɗa da karfasa da sauransu, a ɗaure a kwali a kai tasha. Babbansu wani ƙaton dattijo ne mai tumbi, mai doguwar hula da ba ta taɓa zama daidai a kansa ba, muryarsa kuma in ya kira ɗan dako ana ji har masallacin Juma'a. Shekara guda muna gaisawa da Hausa, yana ce mini malam mai rediyo, ina ce masa Baba. Ran nan ya tsallako da rediyonsa, ta sha hayaƙi har lambobin ba sa ganuwa. A kan bencina akwai wani tsohon dillalin shanu yana jiran tasa. Ina kwance sukurori suna hira, sai dillalin ya tambaye ni unguwarmu a Kano. Na faɗa. Ya tambayi mahaifina. Na faɗa.

Ya ce, "Af, ɗan Bafulatanin nan ne mai zuwa lodin shanu. Na san ubansa sarai."

Mai banda ya juyo a hankali, ya dube ni daga hula har takalmi. Na ga wani farin ciki ya taso masa tun daga tumbi. Ya ce, "Fulata? Kai Fulata ne? Shekara guda ina ganin girmanka a kan Afuno ne kai, Bahaushe, ashe bawana ne zaune a gabana bai taɓa zuwa ya share mini rumfa ba."

Wannan ita ce Hausa ta ƙarshe da na ji a bakinsa.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Kowanne ya ce shi ne ubangida, ɗayan bawa, a yi ta tsiya ba mai fushi, wanda ya yi fushi kuwa shi ya faɗi. Na san da shi tun a Kano, amma ban taɓa ɗaukar kaina a ciki ba, ni da ban san ko "zo" da Fillanci ba. Su wannan bai dame su ba. Uba Bafulatani ne, magana ta ƙare. Kafin la'asar labari ya gama rumfa, maraicin da na yi shekara ina tallatawa ya bi ruwa.

Washegari ina buɗe shago ya ƙwalo mini wata magana da Barbarci daga tsallake, rumfa ta kwashe da dariya. Na yi murmushin wanda bai san me aka ce ba. Ya maimaita. Da ya ga ban motsa ba, ya zaro karan dawa daga jikin rumfa, ya ɗaga sama, ya nuna ƙaurina, ya sake faɗa. A ranar na koyi ƙafa, na koyi kara, na koyi siriri, kuma har yau ban manta su ba. Na nemi tela ya fassara mini sauran, ya ce shi ba ya shiga tsakanin bawa da ubangidansa. Shi ma ya koma ɓangarensu.

Haka muka ɗora. Dattijon nan tsiyarsa ba ta da yawa, maimaita ta yake yi kullum kamar karatun allo, yana ɗan ƙara gishiri. Yau Fulani ba su san daɗin komai ba sai nono mai tsami. Gobe in iska ta taso a ɗaure ni a jikin turke kada ta kai ni Machina. Jibi a tambaye ni shanun ubana nawa suka gudu da suka ga fuskata. Duk abin da ya faɗa sai ya kwatanta da hannu da ido da tumbi, don ba ya son dariyar ta wuce ni ban ji zafinta ba. Sauran 'yan rumfa su karɓa, kowa ya faɗa da irin tasa murya. Kalmar da na yi mako ina bi a littafi tana zillewa, a nan sau ɗaya ake jifana da ita ta zauna daram, saboda an yi mini dariya a kanta a gaban mata masu ƙosai.

Ni kuma ba a haife ni da haƙurin a zage ni in yi shiru ba. Ina liƙa waya ina ƙulla amsa a zuci. Na tattaro kalmominsa na tumbi da kifi da wari da hula, na yi kwanaki ina jera su, ran nan da safe na fito bakin shago na sakar masa amsar. Nufina in ce tumbinsa ya cinye rabin bandar kafin ta kai tasha. Rumfa ta fashe da dariya. Dattijo ya riƙe ciki, ya kwaikwayi yadda na faɗa, da muryata da karkacewar bakina, sannan ya faɗe ta daidai, da ƙarfi, wai don jama'a su ji yadda ɗan halak yake magana. Na maimaita daidai ɗin. Ya ce ko akuya in an daɗe ana kiranta tana waiwayowa. Abin da na yi shekara ina roƙon masu kirki su yi mini ke nan, su gyara mini magana, ga shi ana yi mini kyauta har da ƙarin zagi.

Yanzu in matasa suka tambaye ni hanyar koyon harshe da sauri, nakan ce su ajiye littafi tukuna, su nemo wanda yake da ikon yi musu tsiya. Suna ɗauka raha nake. Mai ganin girmanka zancen lafiya da gajiya kawai zai yi maka, a hankali, kuma in ka yi tuntuɓe ya ɗauke ka ya mayar Hausa. Abokin wasa kuwa ba inda ba ya shiga: cinka, barcinka, tafiyarka, tsoronka, matar da ba ka aura ba tukuna. Yana magana da cikakken gudu, kuma yana tsaye yana jiran amsa, jama'a na kallo. Ba ka da lokacin jin kunya. Ban ce hanya ce mai daɗi ba. Akwai ranakun da na rufe shago raina a ɓace, ina cewa gobe ba zan tanka masa ba, da safe kuma in riga shi farawa.

Kafin wata daminar kunnena ya buɗe. Na fara gane hakan ranar da wasu masunta biyu suka kawo rediyo, ɗaya ya ce wa ɗaya da Barbarci ya zuba ido, masu gyaran nan sukan cire kayan ciki masu kyau su sa tsofaffi. Ban ɗago kai ba na ce masa, da harshensa, abin da ke cikin rediyon nan ko kyankyasai sun ƙi shi. Mutumin ya kusa faɗowa daga benci. Aka kai wa mai banda labari, ya ce ai dole, bawan gidan kirki ko bai so ba sai ya yi hankali. A ranar ya aiko mini da tarwaɗa mai kyau, tare da saƙon cewa in ci a hankali, cikin Fulani bai saba da abinci ba.

Sai dai da na zauna na duba abin da na tara, na ga da sauran aiki. Barbarcina kaf na tsiya ne. Na iya kushe hancin mutum ta hanyoyi da dama, amma ban san yadda ake tambayar tsohuwa marar lafiya labarin 'yarta da ta mutu ba. Ina wannan jinkirin, saƙo ya zo daga kawu ta hannun wani direba cewa jikin tsohuwa ya yi nauyi, in na samu hali in leƙo.

Na zaɓi ranar kasuwar Gashuwa da gangan, don na san kawu ba zai bar hatsinsa ba sai yamma. Na isa da hantsi. Matar kawu ta raka ni ɗakin kaka. Tana kwance a kan gadon kara, ta ƙara ƙanƙancewa, ɗakin yana ƙanshin turaren wuta da man zafi. Na tsuguna na jero gaisuwa tiryan-tiryan, ta kwana da ta jiki da ta gida. Ta amsa a gajiye, ba ta ko lura gaisuwar ta fi ta bara tsawo ba. Ina ta juya tambayata a baki, na rasa ta inda zan kama ta.

Can ta buɗe ido, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa matar kawu a hankali, irin maganar da ake yi a gaban wanda aka tabbata ba ya ji: "Dubi wuya kamar na zalɓe. Fulani sun ɓata mana iri."

Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, da Barbarcin rumfa, da irin muryar da nake ɗagawa ta tsallaka hanya, "Wuyan nan shi ya ɗauko miki goro tun daga Nguru. Amma tunda na zo na tarar matar tawa ba haƙoran ci, sakinki zan yi in auri Bafulatana."

Matar kawu ta dafe ƙirji. Ni kaina na ji kamar in nutse. Tsohuwa ta ƙura mini ido, bakinta a buɗe. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta koma tari, muka tashe ta zaune muka ba ta ruwa. Tana samun numfashi ta ce, "Wa ya koya wa bawan nan magana?"

Na ce, "Bayina na kasuwar Nguru."

Ta ce, "Sun cuce ni. Da kana shiru ka fi kyau."

A nan na gane abin da ya kamata in gane tun tuni. Kaka da jika ai abokan wasa ne, ga shi kuma ni Bafulatani, ita Babarbariya. Duk duniya ba wanda ya fi ni ikon yi wa tsohuwar nan tsiya, ni kuma na yi ta zuwa ina tsuguna mata kamar suruka, da tafinta a gefe. Ta dubi matar kawu ta ce ta tashi ta dafa wa mijin nan nata, wato ni, burabusko, ta sa man shanu da yawa, ko ya yi kumari a daina yi mata gori a gari. Matar kawu ta fita tana dariya, aka bar mu mu biyu.

Muka yi ta yi. Ta kushe hancina, na kushe tsagenta. Ta ce ubana ya zo ƙauyensu da riga ɗaya da baki ɗari. Na ce ai da bakin ya raba ku da 'yarku. Ina faɗa na so in janye, amma ta riga ta fita. Tsohuwa ta gyara zama, ta ce, "Waccan ai ita ta raba kanta. Wa ya isa ya ba ta abin da ba ta so?"

Waccan. Ba ta kama suna ba, har muka rabu ba ta kama ba. Amma ta buɗe. Ta ce waccan tun tana ƙarama ba ta jin kira sai ta gama abin da take yi. Ta ce takan hau aduwa ta fi maza, an yi dukan har an gaji. Ba ta cin tuwo sai ƙanzo, tana dariya ana jiyo ta daga bakin rijiya, kuma ta taɓa bin wani bunsuru da muciya har bayan gari don ya ci mata lalle. Ta ce a bakin rijiyar nan ubana ya tsaya neman ruwa, waccan ta ce ba ta shayar da bayi, shi kuma ya dawo washegari, ya sake dawowa, alhali ba shanun saye a ƙauyen. Ba duka nake kamawa ba, Manganci ne na tsofaffi, ga rashin haƙora. In abu ya wuce ni sai in ce, "Tsohuwa, dasashinki ya cinye rabin maganar, sake." Ta zage ni, ta sake, a hankali. Ina zaune ina ganin mace tana tashi a gabana, mai tsiwa, mai ƙarar dariya, wadda da na gan ta a hanya zan so in san ta ko ba ita ta haife ni ba.

Rana ta take tsaka, muryarta ta fara yin ƙasa. Na ce ta kwanta ta huta, ta ce in rufe mata baki. Ta ce tun da aka kai waccan Kano, sau ɗaya ta zo ganin gida, da ni a goye. Ta rame. Da aka watse, ta tambaye ta ko ana cutar ta. Waccan ta ce a'a, mutanen kirki ne, ci da sha da sutura ba abin da ta rasa. Sai dai Hausa ta ƙi zama a bakinta, mijin kuma kullum yana hanya, sai ta wuni a gida cike da mutane ba ta yi hira da kowa ba.

Kaka ta ci gaba: "Na ce to da wa kike magana? Ta juyo da kai daga baya, ta ce da wannan. Ta ce duk Kano shi kaɗai nake yi wa harshenmu. Ina daka ina ba shi labarin gida, ina wanki ina faɗa masa sunayen mutanen ƙauye. Yana kallona kamar yana ji, amma bai taɓa amsa mini ba." Ta goge ido da gefen zane. "Na ce ta yi haƙuri, Fulani ba sa saurin gane magana."

Ta miƙo hannu ta kama kunnena, ta ɗan ja, ba da ƙarfi ba.

"Ga shi sai yau ka amsa. Ita ce ba ta jira ba."

Na kifa kaina a gefen gadon na yi kukan da ban yi ba ina ɗan shekara uku, hannunta yana kan ƙeyata. Matar kawu ta zo da akushi, ta dube mu, ta ajiye shi a bakin ƙofa ta koma.